Alƙalamin Malami da Ran Majinyaci

A jami'o'in wannan zamani an ɗauki wata al'ada wadda malamanmu na dā ba su san ta ba, watau auna darajar malami da ƙidaya: idan ana so a san matsayin mai bincike, sai a duba sau nawa waɗansu masana suka ambaci rubuce-rubucensa a cikin nasu, a tara jimla, a ce ga gwargwadon tasirinsa. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya kawo shawarar haka a shekarar 1955, kuma daga 1964 kundin ƙidayar ya riƙa fitowa a kai a kai. Sa'an nan a 2005 wani masani, Jorge Hirsch, ya dunƙule al'amarin cikin lamba guda, ta yadda idan aka ce lambar malami 50 ce, ana nufin yana da maƙaloli 50 waɗanda aka ambaci kowace ɗaya daga cikinsu aƙalla sau 50. Da irin wannan lamba ake duba cancantar ƙarin girma a wurare da yawa, da ita kuma ake gabatar da baƙon malami a gaban taro. Mas'alar da nake so in tsaya a kanta kuwa ita ce, shin yawan ambato shi ne haƙiƙanin tasiri, kuma idan Allah ya ba malami karɓuwa har maganarsa ta zama abin aiki a hannun dubban mutanen da bai taɓa gani ba, mene ne yake hawa wuyansa daga abin da suka aikata da ita?

Ban zaɓi fannin taimakon gaggawa da kula da masu ciwo mai tsanani ba sai don a nan ne tazarar da ke tsakanin alƙalamin malami da ran ɗan Adam ta fi gajarta. Masanin tarihi idan ya yi kure a shekarar wani yaƙi, kurensa yana iya zama cikin littafi ƙarni guda ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Amma malamin da ya rubuta cewa a ƙara wa mai zazzaɓi mai tsanani ruwa kaza cikin minti kaza, abin da ya rubuta yana iya shiga jijiyar wani bawan Allah kafin shekara ta kewayo, a ƙasar da shi malamin bai taɓa takawa ba. Majinyacin yana kwance rai kwakwai mutu kwakwai, bututu a maƙogwaronsa, ba ya iya tambaya balle musu, danginsa suna bakin ƙofa, ba abin da ke bakinsu sai "Likita, yaya jikin nasa?", likitan da ke kansa kuwa, wanda sau da yawa matashi ne mai kwanan aiki, ba shi da sararin da zai koma ya bi diddigin hujjoji da ƙarfe biyun dare, la budda ya yi aiki da abin da manyan fannin suka tsara. A istilahin malaman usulu shi muƙallidi ne, kuma taƙlidinsa na larura ne wanda hankali da shari'a duka suka yarda da shi, domin wanda ya tsaya yin ijtihadi alhali zuciyar mutum ta tsaya, to kafin ya kai ga natija an fara neman likkafani.

Daga cikin waɗanda suka kafa wannan fanni babu wanda labarinsa ya fi haskaka mas'alarmu kamar Peter Safar. An haife shi a birnin Vienna ta ƙasar Ostiriya a 1924, uwa da uba duka likitoci, ya yi ƙuruciyarsa cikin ƙuncin mulkin 'yan Nazi, ya gama karatun likita a 1948, kana ya ƙaura Amurka inda ya ƙware a aikin sa majinyaci barci lokacin tiyata. A wancan zamani, idan aka tsamo mutum daga ruwa ba ya numfashi, abin da ake koya wa 'yan kwana-kwana da 'yan agaji shi ne a kwantar da shi rub-da-ciki, a riƙa danna bayansa ana ɗaga hannuwansa, hanyar da littattafai suka yi ittifaƙi a kanta, malami yana karɓa daga malami, ba tare da an tsananta bincike a kan ko iska tana shiga huhun ko ba ta shiga ba. A 1956 Safar ya haɗu da wani likita mai suna James Elam, wanda ya riga ya nuna cewa iskar da mutum yake fitarwa daga ƙirjinsa, ko da yake oksijin da ke cikinta ya ragu daga kashi 21 cikin 100 zuwa kimanin 16, ta isa ta riƙe ran wani idan aka hura masa ita.

Abin da Safar ya yi bayan haka a asibitin birnin Baltimore ya cancanci a dube shi da kyau. Ya samu mutane kimanin 30, likitoci da ɗaliban likita, waɗanda suka yarda da radin kansu a ba su maganin barci, sa'an nan a yi musu allurar da take kashe dukan tsokar jiki na ɗan lokaci, har mutum ya kasa jan numfashi ko sau ɗaya da kansa. A shimfiɗe su haka nan, ransu yana hannun Allah sa'an nan yana hannun wanda ke tsaye a kansu, ana auna yawan iskar da take shiga ƙirjinsu da kowace hanya. Da aka gwada tsohuwar hanyar danna baya, sai ma'auni ya nuna cewa sau da yawa iskar da take shiga ba ta taka kara ta karya ba, kuma illar ta bayyana a fili: mutumin da ya suma, harshensa yakan faɗa baya ya toshe maƙogwaro, kome dannar da aka yi masa ƙofa a rufe take. Amma idan aka tanƙwara kansa baya aka ɗaga haɓarsa, sai hanya ta buɗe, ƙirji ya tashi da hurawa ɗaya. Bai tsaya nan ba, sai ya kirawo mutanen da ba su san kome a likitanci ba, har da yara 'yan sikawut, ya nuna musu sau ɗaya, suka hura, ƙirjin ƙaton mutum ya tashi a ƙarƙashin bakin yaro. Na san da wuya wani kwamitin ɗa'a na yau ya yarda da irin wannan jarrabawa, kuma ba na ganin laifinsa idan ya ƙi. Amma ina jinjina wa mutanen nan da suka ba da aron numfashinsu domin a tabbatar da hujja. An buga sakamakon a 1958. Bayan shekara biyu waɗansu masana uku na jami'ar Johns Hopkins a wannan birni, Kouwenhoven da Jude da Knickerbocker, suka nuna cewa danna ƙashin ƙirji da tafin hannu yana iya tura jini ya zagaya ko da zuciya ta tsaya, ba sai an tsaga ƙirji ba. Safar ya haɗa abubuwan uku ya jera su, buɗe hanyar iska, sai hura numfashi, sai danna ƙirji, a kan haruffa uku na farkon bokon Turawa domin kada mai ruɗewa ya manta.

Ba ɗaya daga cikin ukun nan da za a ce shi kaɗai ya ƙaga; aikinsa shi ne tabbatarwa da tsarawa, da kuma nacewa a kan cewa wannan ilimi ba na likitoci ba ne su kaɗai. Don haka ya haɗa kai da Asmund Laerdal, wani mai ƙera kayan wasan yara a ƙasar Norway, aka fito da mutum-mutumin roba na koyo a 1960, wanda har yau irinsa ake shimfiɗawa a ajin 'yan agaji. A 1961 ya koma Pittsburgh, a can ne kuma a 1966 jarrabawa ta same shi a cikin gidansa: 'yarsa, yarinya 'yar shekara 11, ciwon asma ya tasar mata ba ya gari, aka samu aka tayar da zuciyarta amma ƙwaƙwalwarta ta riga ta daɗe babu iska, ta rasu bayan 'yan kwanaki. Mutumin da ya koya wa duniya farfaɗo da numfashi bai iya ƙara wa 'yarsa sa'a ɗaya a kan ajalinta ba, kuma duk mai imani ya san cewa sababi ba ya rinjayar ƙaddara. Sai dai shi bai ɗauki wannan hujjar naɗe hannu ba. Ya lura cewa mutane suna mutuwa ne a hanya kafin su iso hannun likita, domin a lokacin 'yan sanda ko masu ɗaukar gawa ne suke kwasar majinyaci ba tare da sun yi masa kome ba. Daga 1967 ya shiga horar da samari baƙar fata na unguwar Hill a Pittsburgh, waɗanda da yawansu ba su da aikin yi, kuma jama'a ba ta sa musu ran kome ba, suka zama ma'aikatan motar asibiti ta Freedom House, suna farfaɗo da mutane a kan titi da ƙwarewar da ba a saba gani ba a Amurka. A 1975 hukumar birnin ta kafa nata tsarin, aka rufe nasu, amma salon horon da aka gwada a kansu ya bazu.

To, yanzu a zo a ƙidaya. Safar ya yi rubutu mai yawa, an kuma ambace shi da yawa, amma duk wanda ya yi tunani zai ga cewa mafi girman tasirinsa yana inda ƙidaya ba ta kai ba. Direban da ya tsaya a bakin hanya ya tanƙwara kan wanda ya suma, da uwar da ta hura wa jaririnta iska, da ma'aikaciyar jinya da ta hau gado tana danna ƙirji tana ƙirgawa da ƙarfi, ba ɗayansu da zai rubuta maƙala ya ce na karɓo daga wane. Mafi yawansu ma ba su taɓa jin sunansa ba. Haka ma ma'aunin zurfin suma da Teasdale da Jennett suka tsara a Glasgow a 1974, wanda yake tashi daga 3 zuwa 15, a kullum ana kiran lambarsa a ɗakunan gaggawa daga Kano har Tokyo, ba wanda yake tuna masu shi. Ilimi idan ya kai matuƙar karɓuwa yakan zama kamar tsohuwar rijiyar gari, kowa yana ja yana sha, an manta wanda ya haƙa. Hadisin nan da Imamu Muslim ya ruwaito, wanda kowane ɗalibi ya sani, ya sanya ilimi cikin abubuwa uku da ba su yankewa da mutuwar mai su, kuma sharaɗin da aka gindaya masa shi ne a amfana da shi. Ba a sharɗanta a san mai shi ba, balle a ambace shi. Ba ina magana a kan sakamakon wani a lahira ba, wannan hukunci ne na Allah shi kaɗai. Ina magana ne a kan ma'auni, kuma a ganina ma'aunin amfani ya fi ma'aunin ambato daidai, ko da yake shi ba ya shiga lissafi. Bal ma ina jin tsoron cewa ƙidayar nan tana renon wata cuta wadda malaman tarbiyya suka daɗe suna gargaɗi a kanta, watau neman ilimi domin a ce wane malami ne.

Sai dai amfani fuska ɗaya ce. Hanyar da gaskiyar malami take bi ta yaɗu, ita ce kurensa yake bi, kuma da sauri ɗaya suke tafiya. Jalinusu, babban likitan Yunanawa, ya mallaki zukatan likitoci fiye da shekara 1000, har suka gaskata shi a kan cewa jini yana ratsawa daga ɓangaren zuciya na dama zuwa na hagu ta waɗansu ƙofofi da ido ba ya gani, sai da Ibnun Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya yi ƙarfin halin cewa babu wata ƙofa a wurin, ta huhu jinin yake zagayawa. A zamaninmu abin ba ya ɗaukar ƙarnoni. A 2001 wata malama mai daraja a jami'ar Leuven ta Beljiyam, Greet Van den Berghe, ta buga bincike a kan majinyata 1,548, inda ta nuna cewa matse sukarin jini da insulin har ya dawo daidai da na mai lafiya ya rage mutuwa a ɗakin kulawa daga kashi 8 zuwa 4.6 cikin 100. Asibitocin duniya suka runguma, aka rubuta shi cikin ƙa'idojin aiki. A 2009 aka sake gwadawa a kan mutane fiye da 6,000 a Ostareliya da New Zealand da Kanada, sai ga shi waɗanda aka matse wa sukarin sun fi mutuwa, kashi 27.5 a kan 24.9. Ba wanda ya tuhume ta da ƙarya. Abin da ta gani a asibitinta ta faɗa, waɗansu suka ɗauke shi suka kai inda sharuɗɗansa ba su cika ba.

Shi kansa Safar bai tsira daga gyara ba. Bayan rasuwar 'yarsa ya ba da ragowar rayuwarsa ga neman hanyar ceton ƙwaƙwalwa, ya ƙarfafa ra'ayin sanyaya jikin wanda aka tayar da zuciyarsa. A 2002, shekara guda kafin ya rasu, bincike biyu suka goyi bayansa, amma manyan gwaje-gwajen 2013 da 2021 suka nuna cewa sanyayawa sosai ba ta fi hana zazzaɓi kawai ba. Jerin nan nasa na uku ma an sauya shi: a 2008 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce wanda ba shi da horo, idan babban mutum ya yanke jiki ya faɗi a gabansa, ya danna ƙirji kawai ya wadatar, a 2010 kuma ta gabatar da danna ƙirji a kan hura numfashi, ko da yake hurawar tana nan da muhimmancinta ga yara da wanda ya nutse a ruwa. Wannan bai rage masa kome ba a idona, domin da irin makamin da ya rushe hanyar magabatansa aka gyara tasa, watau awo da jarrabawa. Ƙa'idar da muka gada ita ce mujtahidin da ya ƙure ƙoƙarinsa ya yi kure ba shi da zunubi, har ma yana da ladan ƙoƙarin. Amma wannan rangwame na wanda ya cancanci ijtihadi ne, ya kuma bayyana hujjarsa yadda na bayansa za su iya bin sawunta su ga inda ƙafarsa ta zame.

Akwai wani misali da ya fi kusa da mu, wanda duk lokacin da na tuna shi sai ƙissar Imamu Malik ta faɗo mini a rai. An ruwaito cewa halifan Abbasawa ya nemi ya ɗora dukan jama'ar daularsa a kan Muwaɗɗa, ya aika da ita kowane birni a bar abin da ya saɓa mata, Malik ya ƙi, yana mai kafa hujja da cewa sahabbai sun watsu cikin garuruwa, kowane gari da abin da ya isa gare shi na ilimi. Malami ne aka miƙa masa iyakar tasirin da ɗan Adam zai yi buri, ya mayar da shi saboda tsoron kada fahimtarsa ta danne wata gaskiya da ba ta zo masa ba. To, shekaru da yawa koyarwar da ta fito daga manyan asibitocin Turai da Amurka ita ce, yaron da zazzaɓi mai tsanani ya galabaitar har jininsa ba ya zagayawa sosai, a ɗura masa ruwa mai yawa ta jijiya cikin hanzari. Likitocin Afirka suka karɓa, domin ta zo da isnadi mai ƙarfi. Sai wata likitar yara, Kathryn Maitland, da abokan aikinta suka gwada a asibitoci shida na Uganda da Kenya da Tanzaniya, a kan yara fiye da 3,000, waɗanda fiye da rabinsu suna da zazzaɓin cizon sauro, a wuraren da babu na'urar taimakon numfashi. Su da kansu suna zaton ruwan zai yi ceto. Da aka duba a 2011, cikin sa'a 48 yaran da aka ɗura wa ruwan da sauri sun mutu kashi 10.5 cikin 100, waɗanda aka bi da su a hankali kuwa kashi 7.3, har aka dakatar da binciken kafin wa'adinsa. Wajibi ne in faɗa cewa ba a sa masu gudawa da amai a wannan gwaji ba, su kam ruwa shi ne maganinsu. Abin da ya bayyana shi ne fatawar da ta dace da wani gari tana iya zama halaka a wani, kuma girman sunan mai fatawar shi ne ya hana a yi tambaya da wuri.

Duk waɗannan masu gaskiya ne. Amma akwai wani nau'i dabam, wanda saboda shi ne malaman hadisi suka kafa ilimin jarhi da ta'adili, suna bin maruwaita ɗaya ɗaya, ba su yarda shaharar magana a bakin mutane ta zama dalilin ingancinta ba. Joachim Boldt likitan sa barci ne a asibitin Ludwigshafen ta Jamus, mai yawan rubutu ƙwarai, wanda ake ɗauka hujja a kan wani ruwan ƙari da ake haɗawa da sitaci domin cika jijiyoyin wanda jininsa ya yi ƙasa. An ambace shi da yawa, bincikensa ya shiga cikin hujjojin da aka gina ƙa'idojin aiki a kansu. A ƙarshen 2009 ya buga wata maƙala wadda waɗansu masu karatu suka ga alƙalumanta sun cika kyau, sun daidaita fiye da yadda jikin 'yan Adam yake daidaita, suka rubuta wa editan mujallar, Steven Shafer, shi kuma ya bi diddigi bai gaji ba. A 2010 aka sallami Boldt daga aiki. A 2011 mujallu suka janye maƙalolinsa kusan 90 saboda babu shaidar izinin kwamitin ɗa'a, binciken da ya biyo baya ya tabbatar da ƙage a waɗansu, kuma da tafiya ta yi tafiya abin da aka janye ya haura 180. A 2012 wani gwaji a ƙasashen arewacin Turai ya nuna cewa cikin masu gubar ƙwayoyin cuta a jini, waɗanda aka ba ruwan sitacin sun mutu kashi 51 cikin 100, waɗanda aka ba ruwan ƙari na yau da kullum kashi 43. Wani gwajin a kan mutum 7,000 ya nuna ƙaruwar masu buƙatar wankin ƙoda. A 2013 da aka tattara dukan binciken da aka taɓa yi, sai aka ga cewa idan an cire na Boldt cutarwar ruwan tana fitowa sarai, idan an bar su kuwa sai ta dushe. Adalci ya sa a ce ba shi ya ƙago ruwan ba, kuma ba shi kaɗai ya yabe shi ba. Amma rubutunsa ya zama labule tsakanin likitoci da gaskiya. A ma'aunin ƙidaya kuwa, kafin asirinsa ya tonu, yana cikin manya.

Fuƙaha'unmu sun yi bayani mai faɗi a kan lamunin likita, sun rarrabe tsakanin ƙwararren da hannunsa ya kuskure da jahilin da ya shiga rigar da ba tasa ba. Sai dai maganarsu tana kan wanda ya taɓa majinyaci da hannunsa. Malamin da alƙalaminsa ya yi ɓarna daga nesa, a ganina, ba a babin likitanci ya kamata a nemi hukuncinsa ba, a babin shaida ne. Asali shi ne idan mai aikatawa da hannu da mai jawo sababi suka haɗu, ana jingina laifi ga mai aikatawa. Amma an togace shaidun zur, domin alƙalin da ya yanke hukunci da shaidarsu bayan ya bi ƙa'ida, da wanda ya zartar, ba su da laifi, nauyin yana komawa kan waɗanda suka yi shaidar. An ruwaito cewa mutum biyu sun yi shaidar sata a kan wani a gaban Sayyidina Ali, Allah ya ƙara masa yarda, aka yanke masa hannu, daga baya suka dawo suka ce sun yi kure, wani ne ɓarawon. Sai ya ƙi karɓar shaidarsu a kan na biyun, ya ɗora musu diyyar hannun na farko, ya kuma sanar da su cewa da ya san da gangan suka yi da hannuwansu ne za su biya. Maƙalar bincike shaida ce: mai ita yana cewa na gani da idona, na ba mutum kaza wannan magani, kaza suka rayu. Matashin likitan nan na ƙarfe biyun dare yana matsayin mai zartar da hukunci, editoci da kwamitocin da suke tsara ƙa'idoji kuwa suna matsayin masu tazkiyyar shaidu, kuma sakacinsu ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ya fi jan hankalina a ƙissar shi ne cewa waɗanda suka yi kure ba da gangan ba ma ba su tashi haka nan ba: an ɗauke musu ƙisasi, ba a ɗauke musu biya ba. Biyan malami mai gaskiya, idan hujja ta juya masa baya, shi ne ya fito ya janye maganarsa da murya daidai da wadda ya yaɗa ta, kada ya bar almajiransa suna kare abin da shi a zuciyarsa ya riga ya saki.

Inda ƙiyasin yake yin rauni shi ne wajen wanda aka zalunta. Mutumin da aka yanke wa hannu yana tsaye a gaban Sayyidina Ali, an san sunansa, an san wanda za a miƙa wa diyya. A nan kuwa, idan aka ce kashi 51 a kan 43, ana nufin cewa cikin kowane ɗari akwai kimanin mutum takwas da ake kyautata zaton da sun tashi, amma ba mai iya nuna ko su wane ne cikin matattun, domin dukansu masu ciwo ne mai tsanani waɗanda mutuwarsu ba ta ba kowa mamaki ba. Danginsu sun karɓi gawa, sun gode wa likita, sun yi haƙuri da hukuncin Allah. Ba mai ƙara, saboda haka ba shari'a, kuma wannan ne ya sa irin wannan ɓarna take daɗewa ba a tsayar da ita ba: Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da ruwan sitacin a 2013, amma ba ta kai ga dakatar da shi ba sai a 2022, shekara 12 bayan an sallami Boldt. Majalisun fiƙihu na zamaninmu sun zauna a kan mutuwar ƙwaƙwalwa da cire na'urar numfashi tun zaman Amman na 1986, suka fitar da matsaya. Ina ganin lamunin mai binciken da ya yi ƙage, da haƙƙin matattun da ba a san sunayensu ba, mas'ala ce da ta cancanci irin wannan zama, a kirawo likitocin ɗakin kulawa su zauna tare da malaman, su kawo alƙalumansu.